MUSAYAR 'YAN WASA A KANADA: GARDAMAR DA TA ƘI MUTUWA TUN 1988

A ƙasar Kanada, da zarar watan Fabrairu ya doshi ƙarshe, akwai wata magana guda wadda takan mamaye ofisoshi da makarantu da shagunan shan kofi da gidajen rediyo, watau wane ɗan wasa za a rabu da shi, wane ne kuma za a kawo. Dalili kuwa shi ne, galibi a farkon watan Maris ne ake rufe kasuwar musayar 'yan wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, kuma duk ƙungiyar da ba ta gyara zamanta kafin wannan rana ba, to, sai dai ta shiga wasannin neman kofi da abin da ke hannunta. A ranar rufe kasuwar, manyan tashoshin talabijin na wasanni sukan ba da yinin ɗungum ga wannan batu.

Wanda bai san al'amarin ba zai ɗauka surutun banza ne kurum, tun da yake babu manajan da ke neman shawarar ɗan kallo kafin ya ƙulla ciniki. Amma gardamar tana da tushe. Magoya bayan wannan wasa sun taɓa wayar gari suka tarar an sayar da ɗan wasan da kowa ya yi imani ba zai taɓa sayuwa ba. Tun daga ranar, watau 9 ga watan Agusta, 1988, ba su sake sakin jiki da masu ƙungiyoyinsu ba.

YADDA WASAN YAKE

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san yadda wasan yake. Ana yinsa ne a kan fili na daskararriyar ƙanƙara wanda aka kewaye da katanga. Kowane ɓangare yana da mutum shida a fili, har da mai tsaron gida, dukkansu sanye da takalma masu bakin ƙarfe a ƙasa waɗanda suke zamewa da su a guje. Maimakon ƙwallo, wani ɗan baƙin faifan roba mai tauri suke kora da sanduna masu lanƙwasa. Wasa yana da zango uku, kowanne minti 20.

Babbar hukumar wasan, wadda aka sani da NHL, an kafa ta a birnin Montreal a 1917. Ƙungiyoyi 32 ne a ƙarƙashinta, bakwai a Kanada, 25 a Amurka, kuma abin da dukkansu ke hanƙoro a kowace shekara shi ne Kofin Stanley. Ko da yake yawancin ƙungiyoyin suna Amurka, mutanen Kanada suna ɗaukar wasan a matsayin gadon gidansu.

MUSAYA, BA SAYE DA SAYARWA BA

Tsarin canjin 'yan wasa a nan ya sha bamban da na ƙwallon ƙafa wanda aka saba da shi. A ƙwallon ƙafa, ƙungiya takan biya wata ƙungiya kuɗi, sa'an nan ta zauna da ɗan wasan su daidaita kan albashi. In bai yarda ba, ciniki ya ɓaci. A ƙwallon gora na Arewacin Amurka kuwa, musaya ake yi: a ba da mutum a karɓi mutum. Yarjejeniyar ɗan wasa takan bi shi zuwa sabuwar ƙungiya yadda take, kuma ba dole ne a nemi yardarsa ba, sai fa in tun farko an rubuta masa sharaɗin cewa ba za a yi musaya da shi ba sai da izininsa. Saboda haka mutum yana iya kwana a ƙungiya ɗaya, ya wayi gari an buga masa waya ya haɗa kayansa, ya bar iyali da gida a baya.

Akwai kuma wata haja da ake haɗawa a ciniki. Kowace shekara ƙungiyoyi sukan taru su zaɓi sababbin matasa 'yan shekara 18 bi da bi, zagaye bayan zagaye, ana fifita ƙungiyoyin da suka fi rauni wajen fara zaɓe. Wannan dama ta zaɓe ita ma ana musayarta. Ƙungiyar da ke ganin kofi ya kusa takan ba da damarta ta shekaru masu zuwa don ta sami gogaggen ɗan wasa yau. Wadda ta ga bana ba ta da rabo kuwa, sai ta saki manyanta ta tara matasa. A nan ne gardamar 'yan kallo takan yi zafi, domin tambayar ita ce: a ci yau, ko a tanada don gobe?

YARON BRANTFORD

An haifi Wayne Gretzky ran 26 ga watan Janairu, 1961, a garin Brantford na lardin Ontario. Abin mamaki shi ne, shi kansa ta hanyar ciniki ya zo Edmonton. A 1978, yana ɗan shekara 17, wata ƙungiya ta birnin Indianapolis da kuɗi suka yanke mata ta sayar da shi ga wani attajiri mai suna Peter Pocklington, mai ƙungiyar Edmonton Oilers. Edmonton ita ce hedkwatar lardin Alberta, gari ne na man fetur da tsananin sanyi, wanda a lokacin mutanensa ba su kai miliyan ɗaya ba.

Cikin shekaru goma Gretzky ya mai da wannan gari cibiyar wasan a duniya. A kakar 1981-82 ya ci ƙwallo 92. A kakar 1985-86 ya tara maki 215, watau in an haɗa waɗanda ya ci da kansa da waɗanda ya miƙa wa wasu suka ci. Ya karɓi lambar gwarzon shekara sau takwas a jere, daga 1980 zuwa 1987. Ƙungiyar kuwa ta ɗauki Kofin Stanley a 1984 da 1985 da 1987 da kuma 1988, duk yana kyaftin. Ran 16 ga watan Yuli, 1988, ya auri wata 'yar wasan fim ta Amurka, Janet Jones, a Edmonton, aka yi biki kamar na sarauta.

Ba a cika wata guda da bikin ba sai aka kira 'yan jarida. Aka sanar cewa an ba ƙungiyar Los Angeles Kings ta jihar Kalifoniya Gretzky, tare da abokan wasansa biyu, Marty McSorley da Mike Krushelnyski. Edmonton kuma ta karɓi Jimmy Carson da Martin Gelinas, da damar zaɓen zagayen farko na shekarun 1989 da 1991 da 1993, da tsabar kuɗi dalar Amurka miliyan 15. Gretzky ya zauna a gaban na'urorin ɗaukar hoto, hawaye suka ci ƙarfinsa, ya kasa ƙarasa jawabi.

GARI YA ƊAUKI ZAFI

Abin da ya biyo baya ya wuce maganar wasa. Fusatattun magoya baya suka ƙona mutum-mutumin Pocklington a bakin filin wasan ƙungiyar. Wani ɗan majalisar tarayya na jam'iyyar NDP, Nelson Riis, ya nemi gwamnati ta sa baki ta hana cinikin. Gwamnati dai ba ta yi hakan ba, amma neman kansa ya nuna inda zuciyar jama'a take. Ya kamata a tuna cewa a wannan shekara ce Kanada take cikin zazzafar muhawara game da yarjejeniyar ciniki ba tare da shinge ba tsakaninta da Amurka, batun da aka yi zaɓen ƙasa a kansa a watan Nuwamba. Ga mutane da yawa, tafiyar Gretzky ta zama misali na abin da suke tsoro: duk wani abu mai daraja da Kanada ta mallaka, ƙarshensa kuɗin Amurka su janye shi kudu.

Da ƙura ta ɗan lafa, sai masu gardama suka kasu gida uku.

Kashi na farko, kuma mafi yawa, suka ce cin amana ne. A ganinsu, ko da yake takardun ƙungiya suna hannun attajiri, jama'ar gari ne suka raya ta da kuɗin tikitinsu, don haka ba shi da hurumin sayar da abin alfaharinsu don ya toshe ramukan sauran harkokin kasuwancinsa. Hujjarsu ita ce miliyan 15 ɗin nan: mutum ba ya cin ƙwallo da dala. In da gyaran ƙungiya ake nufi, da 'yan wasa za a nema, ba kuɗi ba.

Kashi na biyu suka ce a yi lissafi da hankali. Gretzky ya kai shekara 27, yarjejeniyarsa saura 'yan shekaru ta ƙare, in kuwa ta ƙare yana iya tafiya ba tare da Edmonton ta sami ko anini ba. Ƙaramin gari ba zai iya gogayya da albashin manyan biranen Amurka ba; tun a 1987 ma an riga an rabu da fitaccen ɗan baya Paul Coffey saboda rigimar albashi. Carson kuwa matashi ne ɗan shekara 20 wanda ya ci ƙwallo 55 a kakar da ta gabata. A wajen waɗannan, gara a sayar da haja tana da tsada da a jira ta karye.

Kashi na uku su ne suka ɗora laifin a kan Gretzky da amaryarsa, suna cewa ita ce ta ja shi zuwa birnin 'yan fim. Pocklington ya nuna wa jama'a cewa Gretzky ne ya nemi tafiya. Bayanan da suka fito daga baya sun nuna cewa tun kafin bikin ma ana ta tallata shi ga wasu ƙungiyoyi, kuma da ya gane an riga an sa shi a kasuwa, sai ya sa hannu wajen zaɓen inda za a kai shi da waɗanda za su raka shi.

WA YA CI RIBA?

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Shekarun da suka biyo baya sun ba kowane ɓangare abin kafa hujja, sa'an nan suka ƙwace.

Da farko masu cewa an yi asara ne suka yi rinjaye. A wasannin neman kofi na 1989, Los Angeles ta haɗu da Edmonton. Edmonton ta ci uku cikin wasanni huɗu na farko, amma Gretzky da sababbin abokansa suka cinye ukun da suka rage, suka fitar da tsohuwar ƙungiyarsa. A shekarar ya sake karɓar lambar gwarzon shekara, karo na tara. Ran 15 ga watan Oktoba, 1989 kuma, a filin Edmonton ɗin, ya wuce maki 1,850 na Gordie Howe, ya zama wanda ya fi kowa maki a tarihin hukumar. 'Yan kallon da aka raba su da shi suka miƙe tsaye suna tafa masa. Carson kuwa, duk da ya ci ƙwallo 49 a kakarsa ta farko, zaman bai yi masa daɗi ba, domin kullum ana auna shi da wanda ya gada. A watan Nuwamba na 1989 aka mai da shi Detroit bisa buƙatarsa.

Sai kuma reshe ya juya da mujiya. Cikin waɗanda Edmonton ta karɓa a madadin Carson akwai matasa biyu, Adam Graves da Joe Murphy. Aka haɗa su da Gelinas, suka taka rawar gani, kuma a 1990 Edmonton ta doke Boston ta ɗauki kofi na biyar a ƙarƙashin sabon kyaftin, Mark Messier. Gretzky kuwa ya kai Los Angeles wasan ƙarshe a 1993, amma Montreal ta doke su. Ya koma St. Louis a 1996, daga nan New York, ya yi ritaya a 1999 ba tare da ya sake ɗaga Kofin Stanley ba. In da kofi kaɗai ake aunawa, Edmonton ce ta ci riba: ɗaya da babu.

To, amma masu cewa an ci amana suna da amsa. Sun ce ƙungiyar da ta iya cin kofi ba Gretzky, kofi nawa za ta ci da yana nan? Bugu da ƙari, sayar da shi ya buɗe ƙofa ne. A 1991 aka ba New York Rangers Messier, wasu manyan ma suka watse ɗaya bayan ɗaya. Da Rangers ta ɗauki kofi a 1994, karo na farko tun 1940, tsofaffin 'yan Edmonton ne suka cika ta. Edmonton kuwa ta yi shekara huɗu a jere, daga 1993 zuwa 1996, ba ta ko shiga wasannin neman kofi ba. Ta kai wasan ƙarshe a 2006 da 2024 da 2025, aka doke ta duka ukun.

Attajiran biyu ma ba su wanye lafiya ba. Bruce McNall, mai ƙungiyar Los Angeles wanda ya biya miliyan 15 ɗin, ya amsa laifin zambar bankuna a 1994, aka ɗaure shi. Pocklington kuma bashi ya tilasta masa rabuwa da Oilers a 1998, inda wasu 'yan kasuwar garin suka haɗa kuɗi suka saye ta don kada a ƙaurar da ita zuwa Amurka.

RIBAR DA BA A LISSAFA BA

Akwai wani sakamako wanda ba kowa ya hango shi ba a 1988. Los Angeles gari ne na rana da bakin teku, inda ba a san ƙanƙara ba sai a cikin firiji. Zuwan Gretzky ya cika filin wasan Kings, ya kuma nuna wa masu kuɗi cewa wasan yana iya sayuwa a ƙasashen zafi. Aka kafa sababbin ƙungiyoyi a San Jose a 1991, da Tampa a 1992, da Anaheim da kudancin Florida a 1993. A shekarar kuma ƙungiyar Minnesota ta ƙaura zuwa Dallas. Kanada ta yi asarar biyu: ta Quebec ta koma Colorado a 1995, ta Winnipeg ta koma Phoenix a 1996, ko da yake Winnipeg ta sake samun wata a 2011.

Ba za a ce Gretzky kaɗai ne ya jawo wannan duka ba, domin raunin dalar Kanada da neman kasuwar talabijin ta Amurka su ma sun taka rawa. Amma kowa ya yarda shi ne ya share hanya. Ga mai son bunƙasar wasan, wannan riba ce babba. Ga ɗan Kanada kuwa, abin yana da ɗaci: daga nasarar Montreal ta 1993 har zuwa 2025, babu ƙungiyar Kanada da ta sake ɗaukar kofin, kuma ƙungiyar da ta doke Edmonton a 2024 da 2025 ita ce Florida Panthers, ɗaya daga cikin waɗanda aka kafa a bayan wancan ciniki.

DOKA TA SAKE, GARDAMA NA NAN

Irin cinikin 1988 ba zai yiwu ba a ƙarƙashin dokokin da suka biyo baya. Bayan rikicin albashi da ya sa aka soke kakar 2004-05 gaba ɗaya, an kafa iyaka ga jimlar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, wadda ta fara daga dala miliyan 39 a 2005, ta kai miliyan 88 a kakar 2024-25. An kuma hana haɗa tsabar kuɗi a musaya. Wannan ya mai da ɗan kallo akanta: ba ya isa ya ce yana son wane, sai ya nuna inda za a sami gurbin albashinsa, da wanda za a saki, da shekarun da suka rage a yarjejeniyar kowa.

Duk da haka manyan cinikayya ba su daina girgiza jama'a ba. Ran 29 ga watan Yuni, 2016, Montreal ta ba da P.K. Subban, wanda mutanen birnin ke ƙauna ƙwarai, ta karɓi Shea Weber daga Nashville. A ranar kuma Edmonton ta ba New Jersey Taylor Hall ta karɓi Adam Larsson. Bayan shekara biyu Hall ya zama gwarzon shekara. A 2022 Calgary ta ba Florida Matthew Tkachuk, wanda ya taimaka mata ta ci kofunan nan biyu. A 2025 aka yi musaya da Mikko Rantanen sau biyu cikin mako shida, daga Colorado zuwa Carolina, daga nan zuwa Dallas, kuma shi ne ya ci ƙwallo uku a wasan da Dallas ta fitar da Colorado a wannan shekara.

A Edmonton kanta, tsohon miki ya motsa a 2025, sa'ad da yarjejeniyar babban tauraronta na wannan zamani, Connor McDavid, ta kusa ƙarewa. Watanni aka yi ana tafka irin gardamar 1988: a riƙe shi ko da zai tafi kyauta daga baya, ko a saki tun yana da tsada? A watan Oktoba ya sa hannu a ƙarin shekara biyu, hankula suka kwanta, amma kowa ya san shekara biyu ba ta da nisa.

ABIN DA AKE GARDAMA A KAI

In aka duba da kyau, abin da ya hana gardamar ƙarewa shi ne kowa da ma'auninsa. Manaja yana auna kofi, mai ƙungiya yana auna aljihu, ɗan wasa yana auna 'yan shekarun da jikinsa zai iya, ɗan kallo kuwa yana auna abin da ba ya shiga littafin akanta, watau mutuncin garinsa da abin da zai ba 'ya'yansa labari. Cikin su huɗu, ɗan kallo ne kaɗai ba a tambayarsa, kuma shi kaɗai ne ba ya canja ƙungiya. Manaja a kore shi, attajiri ya sayar, ɗan wasa ya ƙaura, shi kuwa yana nan a kujerarsa. Tsara ciniki a baki da musu a kansa ita ce kaɗai hanyar da ta rage masa ta nuna cewa shi ma yana da rabo a cikin abin.

Hukumar NHL ta jingine lamba 99, wadda Gretzky ya sa, ta yadda babu ɗan wasan da zai sake sa ta a kowace ƙungiya. Ƙwallaye 894 da ya ci, Alexander Ovechkin ya wuce su a watan Afrilu na 2025, amma makinsa 2,857 babu wanda ya ko kusanto su. Mutanen Edmonton sun kafa masa mutum-mutumi na tagulla yana ɗaga Kofin Stanley. Shi ya sa a duk lokacin da wani ya bugi ƙirji ya ce ɗan wasa kaza ya fi ƙarfin a yi musaya da shi, amsar da yakan samu ɗaya ce a ko'ina cikin Kanada: in har an sayar da Gretzky, to, babu wanda ba za a iya sayarwa ba.